KADA GARIN NEMAN GIRA A RASA IDO

Akwai wani ciwo na fuska wanda duk wanda ya taɓa ganin mai fama da shi ba ya mantawa. Mutum yana zaune lafiya ƙalau, sai ya ɗebi ruwa zai wanke fuska don alwala, ko ya sa asuwaki a baki, ko iskar hunturu ta ɗan bugi kuncinsa, nan take ya ji kamar an jona masa wayar lantarki daga muƙamuƙi zuwa gindin ido. Abin ba ya daɗewa, daga 'yan daƙiƙoƙi ne zuwa minti biyu, amma yakan komo sau da yawa a yini guda, har mai shi ya shiga tsoron cin abinci, da magana, da dariya. Wani ya rame don gudun tauna. Wani kuwa ya yi ta zarya wurin masu cire haƙori, a cire na farko, a cire na biyu, ciwo yana nan inda yake, domin tun asali ba daga haƙori ya taso ba. Tun a shekarar 1773 wani likita na birnin Landan mai suna John Fothergill ya bayyana kamannin wannan ciwo dalla-dalla, kuma har yau likitoci suna lissafa shi cikin mafiya tsananin raɗaɗin da ɗan Adam ke gamuwa da su. Ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50, mata kuma sun fi maza.

Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Saboda haka idan aka gaya wa irin wannan majiyyaci cewa akwai wata allura da ake yi a fuska, wadda likita ke bin sawunta da na'urar hoton ciki, kuma cikin 'yan mintoci zafin zai ɗauke, ba zai tsaya tambayar komai ba. Allurar nan gaskiya ce, tana da amfani mai yawa, kuma na'urar ta rage haɗarinta ƙwarai. Amma ragewa daban, kawarwa daban. Tun da yake majiyyaci ba ya cikin halin da zai yi tambaya, nauyin tambayar ya koma kan hukuma, da shugabannin asibitoci, da masu ilimi na cikin jama'a, kuma gara a yi ta tun yanzu, kafin aikin ya zama ruwan dare a hannun gwani da wanda ba gwani ba.

JIJIYA BIYU A FUSKA GUDA

Kafin a shiga maganar haɗari ya kamata a warware wani ruɗani. Kalmar jijiya a bakin Bahaushe ta haɗa abu biyu, wato jijiyar jini, da kuma jijiyar saƙo wadda ke kai labari tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. Jijiyoyin saƙo guda 12 ne ke fitowa daga ƙwaƙwalwa a kowane ɓangare na kai, biyu daga cikinsu ne kuma suka fi shafar fuska. Ta biyar ita ke ɗaukar ji, wato zafi da sanyi da taɓawa. Ta bakwai ita ke motsa naman fuska, da ita ake murmushi, da ita ake ɗaga gira, da ita kuma ake rufe ido. Idan ta bakwai ta samu matsala shi ne ake ganin baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa.

To, allurar kashe raɗaɗi jijiya ta biyar ake nufa da ita. Ta bakwai kuwa likitocin ido ne suka saba kashe ta na ɗan lokaci, don kada majiyyaci ya matse ido ana cikin cire masa yana, kuma wani likitan ido na ƙasar Beljiyam mai suna Van Lint ya bayyana hanyar yin haka tun 1914. Duk wanda bai bambance tsakanin waɗannan biyu ba, bai kamata ya kusanci fuskar mutum da allura ba.

Ita jijiya ta biyar rassa uku gare ta: na goshi da ido, na kunci da muƙamuƙin sama, da na muƙamuƙin ƙasa. Ƙarshen kowane reshe yana ɓullowa ta wata 'yar ƙofa a jikin ƙashi, ɗaya a saitin gira, ɗaya a ƙasan ido da misalin santimita guda, ɗaya kuma a gefen haɓa, dukkansu ukun kusan a kan layi guda suke da ƙwayar ido. Waɗannan suna kusa da fata, isa gare su ba wuya. Amma gindin rassan yana can ciki, bayan ƙashin kunci, a wani lungu ƙarƙashin ƙoƙon kai inda jijiyoyin jini suka yi cincirindo. Aikin da ake yi a bakin ƙofa da wanda ake yi a cikin lungu sunansu ɗaya, amma haɗarinsu ba ɗaya ba ne.

DAGA LALUBE ZUWA GANI

Tarihin wannan aiki ya soma ne a 1884, lokacin da Carl Koller na birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya ya gano cewa ruwan koken, wato abin da yanzu ake kira hodar ibilis, yana kashe jin ido har a yi tiyata ba tare da an sa mutum barci ba. A cikin wannan shekara William Halsted da abokin aikinsa Richard Hall na birnin Niyu Yok suka fara ɗura shi kusa da jijiyoyi, har da ta muƙamuƙi. Sun yi ta gwaji a jikinsu, ƙarshenta maganin ya kama su ya zame musu jaraba, wanda ya nuna tun daga ranar farko cewa wannan hanya tana da nata farashin. Daga baya aka samu magunguna masu sauƙin illa. A 1943 Nils Löfgren na ƙasar Suwidin ya haɗa lidokayin, wanda har yau shi ne likitan haƙori ke ɗurawa a dasashi, sannan bufibakayin ya biyo baya, wanda ƙarfinsa ke kai sa'o'i da dama.

Shekaru kusan ɗari ana wannan aiki da lalube. Likita ya taɓa ƙashi da yatsa, ya tuna abin da ya karanta a littafi, ya soka allura, ya jira majiyyaci ya ce ya ji wani abu ya tsarga masa. Matsalar ita ce halittar mutane ba ɗaya ba ce, inda jijiyar wannan ta bi ba lalle nan ta wancan ta bi ba.

Na'urar hoton ciki, wadda matan da ke zuwa awo suka sani da sunan sikanin, ta shigo aikin asibiti ne bayan rahoton da Farfesa Ian Donald na birnin Gilasgo ya buga a 1958. Sauti take aikawa cikin jiki, mai tsananin ƙarfin girgiza wanda kunne ba ya ji, idan ya bugi wani abu ya dawo sai ta mayar da amsa-kuwwar ta zama hoto a kan allo. A 1978 wasu likitoci a Afirka ta Kudu suka yi amfani da sautin don gano jijiyar jini kafin su yi allura a saman ƙashin wuya, a 1994 kuma Stephan Kapral da abokansa a Biyana suka nuna yadda za a yi allurar ana kallon hoton kai tsaye. Daga hannu da ƙafa aikin ya iso fuska.

Abin da na'urar ta ƙara ba kaɗan ba ne. Likita yana ganin ƙofar ƙashi, yana ganin jijiyar jini tana bugawa, har da launi idan ya so, yana ganin allura tana tafiya, yana kuma ganin ruwan magani yana bazuwa a inda ya dace. Don haka magani kaɗan ya isa, kuma ba ta da irin hasken nan na hoton ƙashi da ake gudun yawansa. A 2013 wasu likitoci biyu, Barrington da Kluger, suka buga sakamakon allurai sama da 25,000 da aka yi a asibitocin Ostireliya da Niyu Zilan. Sau 22 aka samu magani ya zama guba a jiki, kuma lissafinsu ya nuna amfani da na'urar ya rage wannan haɗari da kusan kashi biyu cikin uku.

Ƙasar nan tana da dalilai na musamman na maraba da wannan ci gaba. Yaran da aka haifa da tsagaggen leɓe ko tsagaggiyar ganɗa suna shan raɗaɗi bayan ɗinki, kuma magunguna masu ƙarfi dangin mofin suna iya danne musu numfashi. Likitocin birnin Montpellier ta Faransa sun nuna cewa kashe reshen kunci da allura yana rage buƙatar irin waɗannan magunguna bayan tiyatar ganɗa. Haka nan akwai cutar noma mai cin fuskar yara, wadda saboda ita aka kafa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Yaron da wannan cuta ta bar wa tabo, kamannin fuskarsa sun sauya, alamomin da ake lalubawa da yatsa sun gushe, gani da ido ne kaɗai zai shiryar da likita. Daɗin daɗawa, binciken da Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 a Nijeriya suna shan taramol da kodin da makamantansu ba bisa umarnin likita ba. Duk hanyar da za ta kashe zafi ba tare da jefa mutum cikin ƙwaya ba, abar so ce.

INDA NA'URA TA GAZA

Amma fa na'urar fitila ce, fitila kuwa haska hanya take yi, ba ta ɗaukar matafiyi. Abu na farko, sautinta ba ya ratsa ƙashi. Duk abin da ke bayan ƙashi duhu ne a kan allo, fuska kuwa ƙashi ne aka lulluɓe da ɗan nama. Shi ya sa idan za a kai allura can tushen jijiya ta biyar, ta ƙofar da ke gindin ƙoƙon kai, har yanzu hoton ƙashi ake dogara da shi. A cikin lungun bayan kunci ma, sau da yawa likita ba ya ganin ita kanta jijiyar, ƙasusuwan da ke kewaye da ita da jijiyar jinin da ke kusa yake gani, ya ƙiyasta sauran da iliminsa.

Na biyu, hoton da na'urar ke nunawa wani siririn yanki ne na jiki, kaurinsa bai fi na katin shaida ba da wani abin kirki. Idan hannu ya ɗan goce, abin da likita ke zaton tsinin allura ne sai ya kasance tsakiyarta ce, tsinin ya riga ya wuce gaba inda ba a gani. Wannan shi ne kuskuren da sababbin hannu suka fi yi, kuma tsadar na'ura ba ta maganinsa, yawan gwaji a gaban malami ne kaɗai ke yi.

Na uku, ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Amurka ta tattara binciken da aka yi ta duba a 2016, ta ce na'urar ta rage guba, amma ba a samu hujjar cewa ta rage raunin da allura kan yi wa ita kanta jijiya ba. Ban da haka, galibin manyan alƙaluman nan daga allurar hannu da ƙafa da ciki aka samo su. Na fuska ƙananan bincike ne, na mutane kaɗan, a hannun ƙwararru, a manyan asibitoci. Wanda ya ɗauki sakamakon gwani ya jingina wa ɗan koyo ya yaudari kansa.

Fuska kuma tana da nata haɗurra da ba a samu a gwiwa ko kafaɗa. Jijiyoyin jininta suna haɗe da na ido da na ƙwaƙwalwa. Idan tsinin allura ya shiga ɗaya daga cikinsu aka danna sirinji da ƙarfi, magani yana iya komawa baya ya isa ƙwaƙwalwa, 'yar ɗigon da ba za ta yi komai a cinya ba sai ta sa mutum jijjiga nan take. An sha samun wanda ya riƙa ganin abu bibbiyu, ko ganinsa ya ɗauke na ɗan lokaci. Allurar ƙasan ido, idan aka tura ta cikin ƙofar ƙashi fiye da kima, tana iya faɗawa kogon ido ta soki ƙwayar. Allurar lungun kunci tana iya fasa jijiyar jini, fuska ta kumbura suntum, balle ga masu shan maganin tsinka jini. Allurar muƙamuƙin ƙasa kuwa idan ta zarce ta shiga wurin nan na gaban kunne da ke kumbura lokacin hangum, sai ta kashe jijiya ta bakwai, baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa na wasu sa'o'i, idan ba a rufe shi da bandeji ba ya bushe ya yi rauni.

Akwai kuma abin da ake gaurayawa da maganin. Wasu sukan ƙara maganin kumburi don a daɗe ba a ji zafi ba, wani irinsa kuwa yana da ƙananan tsaba, waɗanda idan suka shiga jini suka toshe hanyar da ke ciyar da ido, makanta ce ta har abada. Wasu kuma sukan ƙone jijiyar ɗungurungum da sinadari mai ƙarfi. Wannan yana iya barin mutum da wani hali mai ban tausayi, fuska ta mutu ba ta jin taɓawa, amma tana ƙuna dare da rana, kuma maganinsa ya fi na ciwon farko wuya. A nan ne karin maganar nan ta garin neman gira a rasa ido ta daina zama misali.

LISSAFI DA SHIRIN CETO

Maganin kashe zafi yana da iyaka, kuma da nauyin jiki ake auna ta. Littattafan magani da yawa sun tsayar da lidokayin zalla a miligiram 4.5 ga kowane kilo. Kwalbar da aka fi samu, mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, tana ɗauke da miligiram 20 a kowace mililita. Ke nan yaro mai kilo 10 iyakarsa miligiram 45, wato mililita biyu da 'yan kai, abin da bai cika rabin cokalin shayi ba. Wanda ba ya wannan lissafi kafin ya zuƙi magani, na'ura ba za ta yi masa ba.

Idan magani ya yi yawa a jini, alamun farko su ne ɗanɗanon ƙarfe a baki, da ƙara a kunne, da jiri, da mutuwar leɓe, sannan jijjiga, sannan zuciya ta rikice ko ta tsaya. Abin lura a nan shi ne mutuwar leɓe ita ce kuma abin da ake sa ran gani idan allurar fuska ta yi aiki, don haka alamar gargaɗi tana iya wucewa a ɗauka nasara ce. A 1979 wani likita a Amurka mai suna George Albright ya ja hankalin duniya ga mutanen da zuciyarsu ta tsaya bayan bufibakayin ya shiga jini, aka kuma sha wuyar farfaɗo da su. Sai a 1998 Guy Weinberg na birnin Shikago ya nuna a jikin ɓeraye cewa wani farin ruwan mai, mai kama da madara, wanda aka saba ɗura wa marasa lafiya a jijiya a madadin abinci, yana karya wannan guba. A 2006 aka ba da rahoton mutum na farko da aka ceto da shi, yanzu kuma ƙa'ida ce a ƙasashe da yawa a ajiye shi duk inda ake irin wannan allura. Tambayar da ta dace a yi wa kowane asibiti ita ce: akwai wannan ruwan a ɗakin, akwai iskar oksijin, akwai wanda ya iya tallafa wa numfashi idan ya tsaya? Idan amsar babu ce, kuɗin da aka kashe a kan na'ura bai sayi aminci ba.

Sannan a tuna cewa allurar ba ta warkar da tushen ciwo. Ciwon nan mai kama da lantarki yana da ƙwayar magani da aka sani tun 1962, mai suna kabamazafin, da ita ake farawa, kuma mafi yawan masu ciwon suna samun sauƙi da ita a farkon lamari. A 1967 likitan tiyata Peter Jannetta ya bayyana yadda wata jijiyar jini kan danne jijiya ta biyar a gindin ƙwaƙwalwa, ya kuma inganta tiyatar raba su. Matsayin allura shi ne ta ba da hutu lokacin da ciwo ya hana ci da sha, ko ta taimaka a gane reshen da ke da laifi, ko ta rage zafi bayan tiyata. Ciwon fuska kuwa iri-iri ne. Wani ruɓaɓɓen haƙori ne, wani gaɓar muƙamuƙi ce, wani ragowar ƙurajen da ƙwayar cutar ƙarambau kan tayar ne bayan shekaru, wani kuma ƙari ne ko sankara ke tsiro a ɓoye. Idan aka yi ta kashe zafi ba a binciki dalilinsa ba, kamar an toshe bakin mai kururuwa ne alhali gobara tana ci.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ƙidayar da tarayyar ƙungiyoyin likitocin sa barci ta duniya ta buga a 2017 ta nuna cewa a lokacin Nijeriya ba ta da ko likita ɗaya cikakke na wannan fanni ga kowane mutum 100,000, alhali tarayyar tana ganin aƙalla biyar ake buƙata. A ɗaya gefen kuma na'urar sai ƙara araha take yi, har akwai ƙanana da ake haɗawa da wayar salula. Inda gwanaye suka yi ƙaranci, kayan aiki suka yi arha, masu ciwo kuma suka yi yawa, ba sai an yi duba ba kafin a san abin da zai biyo baya. Jama'a sun riga sun ga yadda allura da ƙarin ruwa suka fita daga asibiti suka koma bayan kanta a shagunan sayar da magani.

Wani zai ce tsananta doka zalunci ne ga talakan ƙauye, wanda ba shi da kuɗin motar zuwa asibitin koyarwa, kuma ƙwararren da ake cewa ya jira ba zai taɓa zuwa garinsu ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, bai kuma kamata a yi watsi da ita ba. Amsarta ita ce a raba aikin gida biyu, kamar yadda halitta ta riga ta raba shi. Allurar bakin ƙofofin nan uku, ta gira da ta ƙasan ido da ta haɓa, ana iya koya wa likitocin manyan asibitocin ƙananan hukumomi da likitocin haƙori, su yi ta da magani kaɗan, hakan ma zai sauƙaƙa ɗinkin raunin fuska ga waɗanda suka yi haɗari a hanya. Allurar cikin lungu, da ƙara maganin kumburi, da ƙone jijiya, waɗannan a bar su a manyan asibitoci inda ake da ƙwararru da kayan ceto. Ta haka ba a hana talaka sauƙi ba, ba a kuma mayar da fuskarsa allon koyon rubutu ba.

Wajibi ne Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, tare da kwalejojin horar da ƙwararru, su fayyace wanda ya cancanci yin kowane mataki, da adadin da zai yi a gaban malami kafin a sake shi. Ma'aikatun lafiya na jihohi kuma, idan za su sayi na'ura, su sa kuɗin horo da na gyara da na kayan ceto cikin kasafi guda, domin an sha ganin kayan miliyoyi suna shan ƙura a sito saboda babu wanda ya iya su. Jami'in da ke sa hannu a takardar saye ya kamata ya tambaya wa zai riƙe na'urar, a ina ya koya, kafin ya tambayi farashi. Tsabta ma ba abin wasa ba ce: kan na'urar da man da ake shafa masa suna iya ɗaukar ƙwayar cuta daga wannan zuwa wancan, don haka sai an rufe shi da leda mai tsabta, an yi amfani da man da aka tanada don allura, kuma ba a soka allura a wurin da ke da ƙurji. Kowane asibiti ya buɗe littafi ya riƙa rubuta kowace allura da abin da ya biyo bayanta, mai daɗi da marar daɗi. Da irin wannan rubutu ne likitocin Ostireliya suka san gaskiyar aikinsu, kuma babu abin da ya hana asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Maiduguri da Sakkwato su haɗa kai su yi nasu.

Ɗalibai masu karatun likita da aikin jinya su sani cewa allon na'ura ba ya nuna wa mutum sai abin da ya riga ya sani. Wanda bai haddace hanyoyin jijiyoyin fuska ba, toka-toka da baƙi-baƙi kawai zai gani. Shi kuma majiyyaci, ko ɗan uwan da ya rako shi, yana da haƙƙin ya tambaya cikin ladabi: mene ne sunan ciwon, an gwada ƙwaya tukuna, wace jijiya za a kashe, har yaushe sauƙin zai kai, me aka tanada idan abu ya ɓaci? Ya kuma faɗi duk maganin da yake sha, musamman na tsinka jini, da duk wata allura da ta taɓa yi masa illa. Likitan kirki ba ya fushi da irin wannan tambaya, wanda ya yi fushi kuwa ya ba da amsa ke nan.

Mai ciwon fuska ya cancanci ya ci tuwo, ya yi alwala, ya yi dariya da jikokinsa ba tare da fargaba ba, kuma ilimin zamani ya kawo hanyar da za ta taimaka masa. Abin da ya rage shi ne masu iko da masu sani su tabbatar hannun da zai riƙe allurar ya ƙware, ɗakin da za a yi ta kuma ya shirya, tun kafin a sami wanda ya shiga da ciwon kunci ya fito da sandar jagora. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya kuma ba masu jinya basira, amin.